Sharhi kan akwatin duwatsu da littafin darasin kullum na kimiyyar ƙasa, bayan zango guda a ƙaramar sakandare

Akwatin roba ne mai gurbi 30, kowane gurbi da dutse ko ma'adini guda, an manna masa lamba a jiki. A cikin murfin akwai gilashin ƙara girman abu, maganaɗisu, ƙusa, ɓallin gilashi, farin tangaran maras sheƙi na goga dutse, da 'yar kwalbar ɗiga ruwa. Sai littafin malami mai darasi 45, wato darasi ɗaya kullum na mako 9, kowanne da takardar aikin gida. Daga waje ake shigo da shi, an kuma rubuta littafin ne don yaran Amurka 'yan shekara 11 zuwa 14. Mun yi aiki da shi zango guda a aji biyu na ƙaramar sakandare, aji mai yara kusan 60. Akwatin ya ci kuɗinsa. Littafin kuwa rabinsa ne ke aiki a nan, aikin gidan da ke ciki ma sai malami ya sake rubuta kusan dukkansa.

Darussan gwajin tauri su ne ƙashin bayan kayan. Sun ginu a kan ma'aunin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, mai hawa 10, daga talk mai laushi a hawa na 1 zuwa lu'ulu'u, wato daimon, a hawa na 10. Akwatin na da talk, jifsam mai hawa 2, kalsait mai hawa 3, felsfa mai hawa 6 da kwaz mai hawa 7, kuma sun isa. Farce yana kusan 2.5, don haka yana karce jifsam amma ba ya iya kalsait. Gilashi yana kusan 5.5, kwaz na tsaga masa layi, kalsait ba ya yi masa komai. Yaron da ya yi wannan da hannunsa sau ɗaya ya riƙe shi ke nan, abin da zanen allo bai taɓa yi ba.

Kuskure ɗaya ne ke maimaita kansa a kowane rukuni. Idan yaro ya goga ƙusa a jikin kwaz, sai ya ga layi mai ruwan toka ya ce ƙusa ta karce dutsen. Ƙarfen ƙusar ne ya goge ya zauna a kai, kamar yadda alli ke zama a allo. A sa shi ya jiƙa yatsa ya murza wurin. In layin ya tafi, dutsen ne ya fi tauri. In kuma farce na jin rami, an karce da gaske. Littafin bai ambaci wannan ba ko sau ɗaya, alhali shi ke ɓata yawancin amsoshin ranar farko. Ƙusa ma ba duka ɗaya ba ce: ta katako ta fi laushi, ta kankare ta fi tauri nesa, saboda haka in rukunai sun yi aiki da iri daban-daban sakamakonsu ba zai zo ɗaya ba. A sayi iri guda a raba wa kowa. Littafin ya kuma ce a gwada da kwabon jan ƙarfe, abin da ba a hannun kowa yake ba yanzu. Guntuwar wayar wuta mai kauri, a fere mata roba, tana yin aikin daidai, taurinta kusan 3 ne.

Gwajin goga dutse a tangaran yana jan hankalin yara ƙwarai, domin launin garin dutse kan saɓa wa launin jikinsa. Hematait, wato tama, ko da jikinta baƙi ne mai sheƙi, layinta ja ne kamar jar ƙasa. Fairait, mai kama da zinariya, layinsa baƙi ne mai ɗan kore, ita kuwa zinariyar gaske rawaya take bari. A yankin da matasa ke zuwa haƙar zinariya, wannan gwaji na minti ɗaya ilimi ne mai amfani har bayan makaranta. Tangaran ɗaya tak ke cikin akwatin, kafin rukuni na uku ya gama ya yi dauɗa. Bayan farin tayil da ya fashe, ɓangaren da ba shi da sheƙi, yana maye gurbinsa, kuma masu gini kan zubar da irinsa. Kada a goga kwaz a kai ana jiran launi, ya fi tangaran tauri, garin tangaran ɗin ne zai fito.

Kwalbar ɗiga ruwa babu komai a cikinta, littafin ya ce a zuba ruwan khal. Yana aiki amma da rauni: in an ɗiga shi a kan kalsait ko dutsen siminti, wato farin dutsen da ake yin siminti da shi, kumfar ba ta isa yaro na baya ya gani. A fara karce wurin da ƙusa har gari ya fito, sannan a ɗiga ɗigo 2, a duba da gilashin ƙara girma. Ruwan lemun tsami da aka tace ma yana yi, ga arha. Yana da kyau a kawo gutsuren kanwa a ɗiga mata, nan take za ta yi kumfa, tun da ita ma tana sakin iska iri ɗaya idan ta haɗu da tsami. Yara sun san wannan daga madafa, inda ake jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami. Allin makaranta kuwa kada a dogara da shi, da yawansa da jifsam ake yi, ba zai yi kumfa ba, sai darasin ya rikice.

Darasin nauyi da girma shi ne mafi rauni a tsarin littafin. An ce a jefa dutse a kwalbar awo mai mililita 100 a ga yadda ruwa ya hau. Manyan duwatsun ba sa shiga bakin kwalbar, ƙananan kuma ba sa ɗaga ruwan yadda za a karanta. Dutsen kwaz mai giram 8 mililita 3 kawai yake ɗagawa. In yaro ya kuskure da mililita 1 sama ko ƙasa, amsarsa ta raba nauyi da girma za ta faɗo 2 ko 4, alhali ta gaskiya 2.65 ce. Hanyar da ta fi: a ɗora kofin ruwa a kan ƙaramin sikeli na batir, a mayar da shi sifiri, a ɗaure dutsen da zare a nutsar da shi ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba. Giram ɗin da sikeli ya nuna shi ne girman dutsen a mililita. A raba nauyin busasshen dutsen da wannan lamba. Da haka rukunai ke samun amsa kusa da 2.65 a kwaz, kusa da 5 a fairait. Sikelin ba ya cikin akwatin, sai an saya daban.

Akwai abin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Ɗaya daga cikin ma'adinan galena ne, mai sheƙi kamar azurfa, mai nauyin ban mamaki, kusan 7.5. Dalma ce a cikinsa. Littafin ya sa shi a jerin waɗanda yara za su goga su karce, da gargaɗin layi ɗaya a ƙasan shafi. Mu da muka san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan ƙananan yara suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ba za mu bi wannan ba. A sa shi a leda mai haske a ɗaure, yara su ɗaga su ji nauyinsa, malami kaɗai ya goga shi sau ɗaya a wanke tangaran. Nan ne kuma wurin gaya musu cewa wani kwallin gargajiya da wannan dutse ake yin sa, shi ya sa likitoci ke hana sa wa jarirai. Obsidiyan ma, baƙin dutse mai kama da kwalba, bakinsa na yanka yatsa. A goge kaifin a jikin siminti kafin a miƙa wa yara. Kowane darasi a rufe shi da wanke hannu da sabulu, ba kuma a ɗanɗana komai, har gishirin dutse.

Kayan ba su da juriyar yanayinmu sosai. Lambobin takarda ne, bayan gwajin ruwa na farko suke fara ɓallewa, in kuwa lamba ta ɓace tsakanin kalsait da farin kwaz malami ma sai ya sake gwaji. Tun ranar da aka buɗe akwatin a ɗiga farin fenti a kowane dutse, a rubuta lambar da alƙalamin maka, a shafe da man farce maras launi. Gishirin dutse na tsotsar laima da damina har ya fara narkewa, fairait ma na lalacewa, su biyun a kwalba mai murfi za a ajiye su. Gilashin ƙara girman na roba ne, da hunturu ƙura na kwanta masa, yaro ya goge da gefen riga, rairayin cikin ƙurar ya kakkarce shi. A hure shi tukuna, ko a ɗauraye.

Akwati ɗaya bai isa aji mai yara 60 ba in za a bi littafin, wanda ya ɗauka yara huɗu ne a kan akwati. Abin da ya yi aiki shi ne raba ajin rukuni 10, kowane tebur da dutse 3, ana musaya duk bayan minti 6. A darasi mai minti 40 rukuni na ganin tebur 5, sauran sai darasi na gaba. Wannan kaɗai ya ninka lokacin. Ga shi kimiyya ba kullum take a jadawalinmu ba, sau uku ce a mako, kimiyyar ƙasa kuma yanki ce kawai a cikinta. Darasi 45 ba za su shiga zango ba. Kusan 18 muka ga sun cancanci lokacin aji.

Aikin gida ne babbar matsala. Takarda ɗaya kullum ga yara 60 takarda 300 ke nan a mako, kuɗin hoto da lokacin dubawa duka babu su. Da yawansu kuma na tura yaro ya kalli bidiyo a intanet. Wasu ma ba daidai suke ba a nan. Akwai wanda ya ce a kafa sanda a tabbatar inuwar tsakar rana arewa take fuskanta koyaushe. Gaskiya ne a yawancin Amurka, amma a Kano, da ke kan digiri 12 arewa, rana na bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, tsakanin nan kuma inuwar kudu take karkata. Yaron da ya auna daidai sai takardar amsa ta ce ya faɗi. Haka darasin lokutan shekara ya zo da ƙanƙara da zubar ganye, babu damina, babu kaka, babu bazara.

Aiki ɗaya a mako, wanda ake yi da abin da ke gida, ya fi su duka. Mafi kyawunsu gwajin ƙasa ne a gorar ruwa: a zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa saura kaɗan, a sa ɗan garin sabulu, a girgiza minti 3, a ajiye inda ba za a taɓa ba. Yashi na kwanciya cikin minti 1, sai a ja layi. Ƙasa mai laushi na biyo baya cikin awa 2, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. A auna kowane hawa da rula. In wasu sun ɗebo daga jigawa wasu daga fadama, jera gorunan a aji ya wadatar wajen bayanin dalilin da gero ke son wannan, shinkafa ke son waccan. Zanen siffar wata kowane dare ma yana tafiya lafiya, tun da yaranmu sun saba da lissafin wata mai kwana 29 ko 30, sai dai a gaya musu bayan tsakiyar wata zai riƙa makara, daga baya sai da asuba za su gan shi, in ba haka ba su dawo da shafuka babu komai.

Abin da akwatin ya rasa shi ne ƙasar da yaran ke takawa. Babu marmara a ciki, jar nan da ake zuba wa hanya. Babu kuza, wadda ta kai Turawa Jos. A sa kowane yaro ya kawo dutse ɗaya kamar ƙwan kaza, da takardar inda ya tsince shi, a yi masa gwajin da aka koya. Tsakuwar kwari da ake zuba wa kankare yawanci giranit ce, da gilashin ƙara girma ana ganin kwaz da felsfa da baƙin mika a jikinta fiye da na akwatin ma. Wanda ke kusa da Sakkwato ya nemi dutsen siminti na Kalambaina, wanda ya kwanta a gindin teku kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, har akan sami ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Kwalin ƙwai mai gurbi 30 shi ne ma'ajinsu, a rubuta sunan unguwa ko ƙauye a ƙarƙashin kowane gurbi.