Filtar mai ta roba ko ta ƙarfe a tsohuwar 504

Malam, ka ce Peugeot 504 ɗin da ka gada wajen mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, tana shaƙewa in ka taka ta a hawan gadar Ƙofar Nassarawa a Kano, bakanike ya ce filtar mai ce ta toshe. Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa an ajiye maka biyu, ta roba da ake ganin cikinta da ta ƙarfe, ka rasa wadda za ka ɗauka.

Ni dai ta roba zan fara ɗauka, kuma dalilina tankinka ne. An fara haɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, don haka tankin irin motarka ya kwana biyu a duniya. Cikinsa ba ya rasa tsatsa, ga ƙurar hunturu, ga ruwan da kan shiga mai da damina, balle in layi ya yi tsawo ka sha a galan wajen 'yan bumburutu. Ta roba tana nuna maka duk wannan. Ka ɗaga bonet da safe, ka ga jan gari ya kwanta a gindinta, ka san tanki ne ke zubar da tsatsa. Ka ga wani abu mai haske ya rabu da fetur ya zauna a ƙasa, ruwa ne, don ya fi fetur nauyi. Ta ƙarfe ba ta faɗa maka komai sai ranar da ta ajiye ka a tsakiyar titi.

Masu cewa roba za ta fashe sun ɗauko maganar ne daga motocin injekta, inda famfo ke tura mai da ƙarfin da ya kai bar 3 (bar ma'aunin ƙarfin turawa ne). Famfon da ke jikin injin mota mai kafireta irin taka bai kai rabin bar ɗaya ba, roba na ɗaukarsa lafiya lau. Abin da ba ta ɗauka shi ne zafi. In ta jingina da inji ko ta kusanci bututun hayaƙi, sai ta bushe, ta yi rawaya, ta tsage, fetur ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi. A nan ta ƙarfe ta fi ta nesa ba kusa ba.

To ka ga kowace da mazauninta. Ta roba tsakanin tanki da famfo, can gefe inda iska ke bugawa, tana kare famfon kansa daga tsatsa. Ta ƙarfe tsakanin famfo da kafireta, inda zafi yake. Sai dai ka tambaya sosai, don da yawan na ƙarfen da ke kasuwa na injekta ne, takardar cikinsu ta fi matsewa. Ka sa irin wannan kafin famfo, ka jawo wa kanka aiki: famfon nan ya fi iya turawa a kan zuƙowa, kuma a zafin Afrilu na Kano, da kan haura digiri 40, fetur ɗin da ake ja da ƙyar sai ya zama tururi a tiyo, mota ta mutu a cunkoso ta ƙi tashi sai ta huce.

Akwai ta gilashi mai kyan gani da ake kwancewa a wanke. Kada ta burge ka, girgiza na sassauta ta, kuma gilashi gilashi ne.

Wajen ɗaurawa, inji a sanyaye, ba sigari a kusa, tsumma a ƙasa. Kibiyar da ke jikin filtar ta dubi kafireta. Ka sa a saka kilif a bakin nan biyu, kada yaron gareji ya ɗaure maka da waya. In tiyon ya yi tauri ko ya fara tsattsagewa, a canja shi tare. A tayar da mota a tsaya a duba ɗiga. In ka ga filtar ba ta cika da mai ba, rabi iska, kada hankalinka ya tashi, haka suke aiki.

Kuma kada a busa tsohuwa da baki a mayar. In sabuwa ta yi ja cikin sati biyu, to sai a sauke tankin a wanke, a buɗe kafireta ma a share jet, wato ƙananan ramukan da mai ke bi, don abin da ya wuce kafin yau yana can kwance. Ka sayi ta roba biyu, ɗaya ta zauna a but tare da sukundireba.