Gargaɗi ga masu karatun CCNA a Kumasi: kada ku sayi abin da ake bayarwa kyauta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan saƙo na ƙannenmu ne masu shirin jarrabawar CCNA, wato shaidar ƙwarewa ta kamfanin Cisco kan haɗa netwok na kwamfutoci, musamman na Aboabo, Asawase, Sawaba da Alabar, da waɗanda ke zuwa aji wajen Tech Junction. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp yana kiran kansa injiniya, ya riga ya karɓe wa yara kuɗi. Ba zan kama suna ba, don yau ya zo da wannan suna da lamba, gobe da wasu. Salonsa ne ba ya canzawa.

Da alheri yake shigowa. Sai ya turo fayilolin atisaye na Packet Tracer (manhajar kwaikwayon haɗa netwok) kyauta, ɗaya kan VLAN, ɗaya kan OSPF, duk darussan CCNA ne, kuma masu kyau ne, suna buɗewa. Ya amsa tambayar wannan, ya yi wa wancan addu'a, har a fara ce masa Malam. To su fayilolin ba nasa ba ne. Daga darussan da ke YouTube ya kwaso su, inda masu su suka ajiye wa kowa ba ko sisi.

Idan ya ga an saki jiki, sai ya ce yana da babban kundi na musamman, sai an tura sidi 150 ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. A nan ne abin ya fi muni, domin asarar ba ta tsaya a kuɗin ba. Abin da yake turowa ba ya buɗewa, kana yi masa magana sai ya ce Packet Tracer ɗinka ce tsohuwa. Maganar tana kama da gaskiya, tunda fayil ɗin da aka yi da sabuwar manhaja ba ya buɗuwa a tsohuwa, duk mun sani. Sai ya turo maka tasa a ƙunshe cikin fayil ɗin zip, ya ce ka kashe manhajar kariya ta kwamfutarka kafin ka saka. Wani yaro da ya bi wannan umarni, bayan 'yan kwanaki aka shiga imel ɗinsa da Facebook ɗinsa, aka riƙa roƙon danginsa kuɗi da sunansa. Fayil ɗin atisaye da .pkt ko .pka yake ƙarewa. Wanda ya ƙare da .exe shiri ne da zai yi aiki a cikin na'urarka, kuma ba ka san wane aiki ba.

Packet Tracer ta kamfanin Cisco ce, kyauta ake sauke ta bayan ka yi rajista a Cisco Networking Academy, rajistar ma kyauta. Akwai wasu manhajojin atisayen irinta: GNS3 kyauta ce, EVE-NG ma tana da ta kyauta. Abin da ke da lasisi shi ne manhajar rauta (na'urar da ke haɗa netwok da netwok) ta ainihi da ake loda musu, kuma wani ɗan guruf ba shi da hurumin sayar da ita. Ga mai CCNA ma Packet Tracer ta ishe shi kusan komai, ko da laftof ɗinsa tsohuwa ce ta gwanjo.

Daga nan sai apo. Ya ce yana da ainihin tambayoyin da za a fito da su. Wasu tsofaffi ne tun kafin a koma sabon tsarin jarrabawar mai lamba 200-301 a watan Fabrairun 2020, wasu amsoshin ma kuskure ne. Ko da na gaske ne, Cisco na iya soke shaidar wanda aka kama da su, ta kuma hana shi sake zama. Ni a ganina ko ba a kama ka ba ka cuci kanka: ranar da aka ajiye ka gaban suwic, na'urar haɗa kwamfutoci, a wurin neman aiki aka ce haɗa, haddar ba za ta fisshe ka ba.

Babban kamun nasa shi ne tikitin jarrabawa. Kuɗin CCNA dala 300 ne, wanda ya san yadda dala take da sidi ya san ba wasa ba ne ga ɗan Zango mai haɗa karatu da gyaran waya a Kejetia. Sai ya ce zai samo a rabin kuɗi idan mutum biyar suka haɗa, amma a ba shi sunan shiga da kalmar sirri ta asusun Cisco, shi zai yi rajistar. Araha ba ta ado. Kamfanin Pearson VUE ke shirya jarrabawar, kai da kanka za ka shiga asusunka ka zaɓi rana da cibiya ka biya, imel ya zo maka da sunanka. Rangwamen da ake samu na gaskiya ɗaliban Networking Academy ake ba wa idan sun cika sharaɗi, kuma a asusun mai shi yake, ba a sayar wa wani. Hoton rasit da yake nunawa kuwa, kowa na iya haɗa irinsa a waya.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana saƙonnin da lambar cinikin MoMo, ya kira kamfanin layinsa nan take, sannan ya kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana. Wanda ya saka manhajar mutumin ya canza duk kalmomin sirrinsa daga wata na'ura daban, ya goge kwamfutar a sake mata Windows.

Rabon atisaye tsakaninmu kada ya tsaya saboda shi. Sai dai masu kula da guruf su sa doka: a turo .pkt ko .pka tsirara ba a ƙunshe ba, a faɗi inda aka samo shi da lambar Packet Tracer da aka yi shi da ita, duk wanda kuma ya ambaci MoMo a cire shi a ranar.