Gargaɗi ga masu ƙananan katafila a Kaduna: kada a cire muku famfo kafin a sa geji

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu injinan gini ne da direbobinsu a Kaduna da kewaye, musamman masu ƙaramar lodar nan mai ƙafar roba, wadda kowa ke ce wa Bobcat ko da wani kamfanin ne ya ƙera ta. Akwai wani mutum da ke zagaya wuraren gine-gine yana kiran kansa injiniyan haidirolik. Ya raba ni da naira 950,000 da kuma lafiyayyen famfon haidirolik na motata, wanda ke tura man da ke motsa hannunta da bokiti, kuma na tabbatar ba ni kaɗai ya yi wa ba. Ba zan kama suna ba, domin magana tana hannun hukuma, sunan da ya ba ni ma ba shi ya ba na gaba ba. Yadda yake ɗana tarkon shi ne abin da zai amfane ku.

Muna aiki ne a wani fili ta wajen Millennium City, an ba mu fasa tsohon daɓen kankare da hamar da ake jona wa motar, da kwashe ɓaraguzai. Ɗan yayata ke tuƙa motar. Wata Talata da hantsi ya kira ni ya ce, "Kawu, hama ta ƙi bugawa." Na je na gani da idona. Mota tana tafiya gaba da baya, bokiti yana ɗagawa yana kifewa da ƙarfinsa, amma layin da ke kai wa hama mai ya yi shiru. Wannan layin shi ne tiyo biyun nan da suka biyo hannun motar suka ƙare da bakin ƙarfe, inda ake jona hama ko abin haƙa rami ko burushin shara.

Mai aiki yana ta kira, leburori suna zaune a inuwa ana bin mu kuɗin yini. A nan wani mai kawo mana yashi ya ba ni lambar mutumin, shi ma da kyakkyawar niyya, don an ba shi ne a wani wurin. Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga shi cikin rigar aiki fes, da kwamfuta a jaka, bakinsa ba ya rabuwa da "ranka ya daɗe". Ya ce ya shekara goma yana gyaran manyan injina a Fatakwal. Ya sa aka tayar da mota, ya dafa tiyo, ya kara kunne a bayan inji, ya buɗe kwamfutar ya nuna mini wani zane mai jan layi. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, famfo ya tafi. Ku kashe ta yanzu. In kuka ci gaba zai watsa garin ƙarfe cikin motar gaba ɗaya, a nan kuma miliyoyi za a yi magana."

Da wannan maganar ya kama ni, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta: famfon da ya cinye kansa yana iya gurɓata mai da bawul da silinda. Ya ce ai na yi sa'a, akwai wani tokumbo da ya iso masa daga Legas na wani ne da bai cika kuɗi ba. Ya sa naira 1,100,000, ya sauko 950,000 bisa sharaɗin zai tafi da tsohon, wai kwandam ne, sai dai 'yan gwangwan. Na tura kuɗin zuwa wani asusu mai sunan da ba nasa ba, ya ce na ƙaninsa ne. Bai fara aiki ba sai bayan la'asar, ya kuma aiki yaron nawa cikin gari neman wata washa da ashe ba a buƙatarta. Washegari da safe hama ta buga. Na yi masa godiya har da ƙarin kuɗin mai.

Kwana tara aka yi. Da safe mota sumul, amma da rana ta take, mai ya ɗauki zafi, sai bokiti ya fara jan jiki, hama tana bugu kamar mai jin yunwa, ga wani kuka siriri daga bayan inji. Lambarsa a kashe. Na ɗauko wani dattijon makanike da ke wajen Panteka, wanda tun farko shi ya kamata in nema.

Baba bai ce komai ba sai da ya ɗaura geji, wato agogon auna matsin mai, a bakin tiyon ya sa aka ba da wuta. Allura ta hau ta tsaya ƙasa da inda ya kamata, da mai ya ƙara zafi ta ƙara zubewa. Ya ciro makulli daga aljihu ya kankare jikin famfon, baƙin fenti ya ɓare, tsatsa ta bayyana a ƙarƙashi. Wurin da farantin lamba yake an goge shi da giranda. Ya yanka filta ya buɗe takardar cikinta a rana, sai ƙyalli take yi kamar an barbaɗa mata kwalli. Daga nan ya bi wayoyin da suka je bawul da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya kan wata da aka naɗe da sabon salatif. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, famfonka bai taɓa mutuwa ba. Waya ce ta tsinke. Mutumin ya ɗaure ta lokacin da ya kori yaronka, ya ɗauke maka mai kyau ya bar maka gawa."

Ga abin da Baba ya fahimtar da ni, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A yawancin waɗannan motoci, famfo ɗaya ne mai haƙori yake ba hannu da bokiti da layin hama mai. Na tafiyar ƙafa daban ne. Saboda haka in hannu yana ɗagawa da kaya, bokiti yana kifewa da ƙarfi, to famfon nan yana raye, matsalar tana tsakanin maɓallin da ke hannun direba da bakin tiyo. Motocin da ke da ƙarin gudun mai ne kawai suke da famfo na biyu, shi ma in ya samu matsala gudun ne zai ragu, ba wai layin ya mutu murus ba. Famfo kuma ba ya mutuwa dare ɗaya ya bar rabin aikinsa lafiya. Yana gajiya ne a hankali, alamarsa ita ce wadda na gani daga baya: ƙarfi da safe, sanyin jiki in mai ya yi zafi.

Abubuwan da ke kashe layin nan galibi masu araha ne. Mai ya yi ƙasa a tanki, ko fiyus ya ƙone, ko direba bai saukar da sandar kujera daidai ba, na'urar tsaro ta kulle layin. Sai kwail, wato naɗin wayar da ke kan bawul, wanda wutar batir ta bolt 12 ke ja ya buɗe wa mai hanya. Ana gwada shi da mita, ko a kara masa sukundireba yayin da aka danna maɓalli a ji ko maganaɗisu ya kama. Da yake kwail biyu ne, na kai mai da na juyo da shi, ana iya musanya su a ga ko matsalar ta koma ɗaya ɓangaren.

Bakin tiyo kuwa shi ya fi kowa laifi a garin nan. A bar hama a rana cikin zafin Maris da Afrilu, man da ya maƙale a tiyonta ya kumbura, bakin ya ƙi shiga, ko ya shiga rabi a zaci ya zauna. Sai ka ga tiyo ɗaya ya sandare, inji yana nishi, hama ba ta motsi. A wasu motocin danna bakin ciki na 'yan daƙiƙu yana sauke matsin. Ƙurar hunturu ma tana cinye robar cikinsa in ba a goge shi kafin a jona ba. Akwai kuma rashin dacewa: motar da ke ba da lita 60 zuwa 90 a minti ba za ta juya abin da aka ƙera don lita sama da 100 yadda ya kamata ba, komai lafiyar famfonta. Geji shi ke raba gardama. Irin waɗannan motoci suna aiki ne da matsin mai wajen 3,000 zuwa 3,500 a ma'aunin psi, littafin kowace mota kuma yana faɗin nata daidai. Mutumin nan bai zo da geji ba, ni kuma ban tambaya ba.

Don Allah direbobi, kada wanda ya laluba ɗigon mai da hannu mota tana kunne. Mai a wannan matsin yana huda fata ya shiga tsoka, ramin kamar na allura, amma yana kai wa ga yanke yatsa in ba a garzaya asibiti ba. Kada kuma a kwance tiyo hannun mota yana sama ba tare da an sa masa tokara ba.

Gyaran ɓarnarsa ya ci ni wani famfon, da filta, da wanke tanki da sabon mai, da aikin kwana shida da ya tsaya. Ana cikin haka ɗan yayata ya turo mini hoto daga Facebook. Wani shafi mai wani suna daban yana tallar famfo, wai yanzu aka sauke shi daga kwantena. Yaron ya ce, "Kawu, duba kunnensa." Famfona ne. Akwai ɗan ɓalli a kunnen da ake ɗaure shi, wanda ya samu tun wani gyara da aka yi bara. Wani mai mota a Kakuri da na yi magana da shi ya ba ni labari iri ɗaya, har da aiken yaro cikin gari. Wato famfon wannan ake sayar wa wancan a matsayin tokumbo, gawar da aka tsinto a bola kuma a shafa mata fenti a liƙa wa wanda ya fi gaggawa.

Na kai rahoto wurin 'yan sanda da shaidar tura kuɗi da hotunan shafin, na kuma rubuta ƙorafi ga EFCC. Duk wanda aka yi wa irin wannan ya ajiye alat ɗinsa da saƙonnin WhatsApp, ya kai su, kada kunya ta hana shi. Wanda kuma makanike ya ce masa famfo ya tafi, ya ce a ɗaura geji a gabansa, ya ɗauki hoton farantin lambar famfonsa kafin a taɓa shi, ya tsaya a wurin ko ya bar wanda ya amince da shi har a gama, tsohon kaya kuma ya kwana a hannun mai mota.

Famfon nawa yana nan yana yawo a kasuwa. Yana da ɓalli a kunne ɗaya da ɗigon fenti ruwan ɗorawa guda biyu kusa da bakin shigar mai, sai dai in an rufe su da baƙi. Wanda aka kawo wa shi ya riƙe kuɗinsa, ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa.