Kwanon amo na ƙarfe ko na kiristal: wanne ya dace da ɗakin kwana?

Wata 'yar uwa daga Rayfield a nan Jos ta tambaya: tana son sayen kwanon nan da ake kaɗawa ya yi amo mai tsawo, don ta riƙa samun natsuwa na minti goma zuwa sha biyar kafin barci. Ta ga iri biyu a intanet, na ƙarfe da fari mai kama da gilashi. Ɗakinta ba babba ba ne, kuma akwai yara a gidan. Wanne za ta ɗauka?

Hajiya, a taƙaice na ƙarfe, ƙirar hannu, mai faɗin baki santimita 15 zuwa 18. Ga dalili.

Na ƙarfen, wanda 'yan kasuwa ke cewa na Tibet, galibinsa a Nepal da Indiya ake ƙera shi. Mai kyau haɗin jan ƙarfe ne da kuza, kusan kashi huɗu na jan ƙarfe, kashi ɗaya na kuza, irin haɗin da ake yin ƙararrawa da shi. Mutumin Jos ba ya buƙatar a yi masa bayanin kuza, ga tsofaffin kududdufan haƙarta nan har yau daga Rayfield zuwa Bukuru. Ita ce ke sa ƙarfen ya yi tauri, amon ya daɗe. Za ki ji ana tallar "ƙarafa bakwai", wai har da zinariya da azurfa. Kada ki ƙara ko kwabo saboda wannan magana. Abin da ke ba da sauti jan ƙarfe ne da kuza, sai kaurin bango da hannun maƙeri.

Farin kuwa, wato na kiristal, da tataccen yashin farin dutse ake yinsa, a narkar da shi a wuta mai tsanani a juya a cikin mazubi. Asalinsa ma tukunya ce ta masana'antun da ke sarrafa silikon na kayan lantarki, daga baya masu harkar sauti suka gano tana da murya. Yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu daga Sin suke zuwa.

Babban bambancin yana cikin amon. Idan kika bugi na ƙarfe, sautuka da yawa ne ke tashi tare: akwai mai kauri a ƙasa, akwai siriri a samansa, sannan ki ji amon yana kaɗawa, yana zuwa yana komawa kamar numfashi. Wannan kaɗawar daga ƙirar hannu take. Guduma ba ta barin bango ya zama kauri ɗaya ko'ina, sai kwanon ya fitar da sautuka biyu masu kusancin gaske, su kuma su riƙa gogayya da juna. Mai neman natsuwa abin da yake so ke nan, domin kunne ya samu abin bi har amon ya ɓace, tunani kuma ya daina yawo. Na kiristal sauti guda yake bayarwa, tsaf, mai ƙarfi, yana ƙaruwa muddin ana zagaya bakinsa. A babban zaure da mutum ashirin a kwance, babu kamarsa. A ɗaki mai tayil da silin ƙasa-ƙasa kuwa, amon yana dukan bango ya dawo, cikin minti biyu sai ya cika kai, wasu har ciwon kai yake sa su. Ga yara suna barci a ɗakin kusa.

Wajen saukin koyo, gaskiya na kiristal ya fi. Da kin zagaya sau biyu ya kama. Na ƙarfe yana son ɗan haƙuri, kuma a nan ne mutane ke cewa an sayar musu da lalatacce alhali hannunsu ne. Ki shimfiɗa tafin hannu ki ɗora kwanon a kai, yatsu a miƙe, kada ko ɗaya ya taɓa gefensa, don yatsa ɗaya ya isa ya kashe amon. Ki riƙe sandar kamar alƙalami, ɓangaren da aka naɗe da fata yana jingine da bakin kwanon ta waje. Ki ɗan buga sau ɗaya, sannan ki fara zagayawa da dukan hannu tun daga kafaɗa, kamar mai tuƙa tuwo a hankali, kina danna sandar ciki-ciki. Idan kika ji sandar tana tsalle tana "kar-kar-kar", gudu ya yi yawa ko dannawar ta yi kaɗan: kwanon yana girgiza ne yana ture sandar. Ki rage gudu, ki ƙara dannawa. Sabuwar fata tana da santsi, sai an yi amfani da ita kwana biyu ta yi 'yan layuka kafin ta kama sosai. Zallan itace ba fata yana fitar da siririn sauti mai kaifi, wanda bai dace da dare ba.

Sai maganar ƙarko. Na kiristal gilashi ne, faɗuwa ɗaya a kan tayil ya gama, kuma tsagewa ba ta gyaruwa. Ko bugu mai ƙarfi da sanda yana iya fasa shi, shi ya sa ake taɓa shi da sandar roba ko mai fata, a kuma ajiye shi a kan zoben roba. Mai inci 10 ya yi nauyin da ba a riƙe shi a tafin hannu, sai a ƙasa. Idan daga Abuja za a kawo miki, ki tuna da hanyar Akwanga, ki tabbata an sa shi cikin jaka mai soso. Na ƙarfe ma yana tsagewa idan ya faɗo daga sama, don haɗin kuza yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, sai dai ya fi jure hannun yara nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu kuwa kyalle mai laushi ya ishe shi. Kada ki sa masa soson ƙarfe, ba tukunya ba ce. Idan ya dushe da daɗewa, hakan bai taɓa sautinsa ba.

A cikin na ƙarfen ma akwai tarko. Ƙananan nan masu fenti da zane-zane, masu arha, yawanci zubi ne na jan ƙarfe da tutiya da aka goge a inji. Suna saurin kamawa, amma sautin siriri ne kuma ba ya daɗewa. Wasu har tabon guduma na ƙarya ake yi musu, za ki gane shi da yadda ya jeru daidai wa daida. Kafin ki biya, ki nemi faɗin baki da nauyi a rubuce, ki kuma nemi bidiyon ainihin kwanon da za a aiko miki, a buga shi sau ɗaya a bar shi har ya yi shiru. Ki saurara da abin kunne, domin lasifikar waya tana yanke sautin ƙasa. Ki duba agogo: mai kyau a wannan girman ya kamata ki ji shi daƙiƙa 30 ko fiye. Idan akwai wani zuzzz a cikin amon, tsagewa ce, ki bar shi.

Batun cewa wannan kwano na 432 ne, wancan na 440 (lambobin awon kauri ko sirantar sauti), ko kowane sauti yana warkar da wata gaɓa ta jiki, salon talla ne. Ki zaɓi wanda kunnenki ya kwanta da shi. Amo yana taimaka wa mutum ya sassauta numfashi ya huta, amma mai hawan jini ko rashin barci mai tsanani kada ya ajiye maganinsa, mai ƙarar kunne kuma ya nisanci na kiristal, kada ma ya kaɗa kowanne dab da kunnensa.