Hattara da masu sayar da kokarel da sunan buroila a Gombe

Jama'ar Gombe, musamman iyayenmu mata masu kiwon kaji a cikin gida, a yi hattara. Akwai wasu da ke tallar 'yan tsaki a WhatsApp da Facebook, wai sun samo buroila, wato kajin nama masu saurin girma, kai tsaye daga Ibadan, a farashin da ya yi ƙasa da na kowane dila a gari. Sai a ce ki tura kuɗi tukuna, ki aiko yaro ya karɓi kwali a bakin tasha da sassafe. Abin da ke cikin kwalin ba buroila ba ne, zakarun kajin ƙwai ne, waɗanda muke kira kokarel.

Kamfanonin da ke ƙyanƙyasar nau'o'in kajin ƙwai irin su ISA Brown da Lohmann Brown matan suke nema. Kusan rabin abin da ya fito kuwa maza ne, sai a sayar da su da arha ƙwarai. A cikin waɗannan jajayen kajin, mace tana fitowa da gashi ja-ja tun ranar farko, namiji kuma fari mai ratsin rawaya, wato kamarsa ɗaya da ɗan tsakon buroila ga wanda idonsa bai goge ba. Kiwon kokarel ba laifi ba ne, akwai masu sayensa da saninsu, kuma ya fi buroila jure wahala. Ha'incin shi ne a juye shi cikin tsohon kwali mai tambarin kamfani, a canza masa suna, a karɓi kuɗin buroila.

Na shiga gidan wata baiwar Allah a Pantami da ta ɗauki kwali biyu da kuɗin adashinta, da nufin sayarwa da Sallah. Tsawon wata guda tana zuba musu abinci buhu bayan buhu. Sai ga su suna tsalle suna hawa kan mazubin ruwa, zanko ya tsiro ja wur, har sun fara caccakar juna. Ka ɗaga ɗaya ka shafa ƙirjinsa, ƙashi ne tsaye ba tsoka. Ta ce min, "Malam, ni na ɗauka abincin ne ba shi da kyau." Lambar wanda ya sayar mata tuni ta daina shiga.

Sikeli ne ke raba wannan gardama, kuma tun da wuri. Ɗan tsako yakan fito da nauyin giram 40 ko kusa da haka. Buroila mai samun abinci da ɗumi yakan ninka wannan nauyin sau huɗu cikin kwana 7, kokarel kuwa ko giram 100 ba ya kaiwa. Ƙafar buroila kakkaura ce, ƙirjinsa faffaɗa, ya ci ya kwanta kusa da abinci. Cikin mako 6 ya kai kilo 2. Kokarel sai ya yi wata huɗu zuwa biyar yana cin kuɗinki kafin ya isa yanka, kuma ai abincin ne ke cinye jarin, ba kuɗin tsakon ba.

Masu neman kajin ƙwai ma ba su tsira ba, don akan cusa musu maza a cikin mata. In jajaye kika saya, duk farin da kika gani a kwalin ki ware shi. In baƙaƙe ne, dubi tsakar kai: mai ɗigon fari namiji ne. Kada ki jira mako 18 zuwa 20, lokacin fara ƙwai, sannan ki ji cara ta tashi a ɗaki.

Shi kuwa mai riƙe tsako ta ƙafa ya juya shi ƙasa, wai in ya ɗago kai namiji ne, wasa yake da hankalinki. Duba gashin fiffike don gane namiji da mace yana aiki, amma ga wasu nau'o'i kaɗai, kuma a kwanakin farko kawai. Noila kuma, wato nau'in da ake kiwo don nama da ƙwai, launinsa kala-kala ne, wanda ya rantse miki duk mata ne saboda launi, ki bar masa kayansa.

Ku saya wurin dilan da ke da shago, wanda za ku iya komawa gunsa gobe. A buɗe kwali a gabanku kafin a biya, a ƙirga, 50 ne a kowane kwali, galibi da ƙarin ɗaya. A rubuta a rasit nau'in tsakon da ranar ƙyanƙyasa, ba "kaji kwali biyu" kawai ba. Wadda aka riga aka damfara ta adana shaidar tura kuɗi da hoton hirarsu, ta kai wa 'yan sanda da bankinta. A lura da lambar asusun da kyau, don sunan da suke talla da shi suna canza shi kullum.