Ofishin lauyoyin da ya taimaka muka dawo da 'yar ƙanwata daga Kano

Ƙaramin ofishi ne a Garwa, arewacin Kamaru, ɗaki biyu da benci ɗaya a baranda. Wata maƙwabciya ce ta kai ni, bayan na yi wata uku ina rasa inda zan dosa. 'Yar ƙanwata, mai shekara 15, wata dillaliya ta ɗauke ta da sunan aikatau a Yola, za a riƙa turo sefa dubu ashirin duk wata. Sau ɗaya aka turo. Daga nan waya ta mutu.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne lauyar tana jin Hausa da Fulatanci. Ƙanwata ta shiga tana rawar jiki, don ita da kanta ta haɗa wa yarinyar kaya. Lauyar ta ce, "Inna, zauna ki sha ruwa. Yaudarar ki aka yi, shaida za ki ba mu." Sannan ta yi mana bayanin yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekarar 2000, wadda Kamaru da Najeriya duk suka shiga: muddin yaro bai kai 18 ba, ko da bakinsa ya ce ya yarda, ɗaukarsa don a ci da guminsa safarar mutum ce. Ta ce Kamaru ma tana da tata dokar tun Disambar 2011. Ni a da ina ɗauka sai an ɗaure mutum da igiya ake kiran abin safara.

Ba su karɓi kuɗin aiki ba. Kuɗin hoto da na buga takardu kawai muka biya.

Inda na ga ƙwarewarsu shi ne sanin hanyar takarda. Dillaliya ta haye iyaka a kan babur cikin yini ɗaya, amma ƙararmu sai ta shiga wurin mai gabatar da ƙara a nan, ta gangara Yawunde, a juya ta daga Faransanci zuwa Turanci, kafin ta ga Abuja. Lauyar ba ta zauna jira ba. Ta haɗa hoton yarinyar da takardar haihuwarta da lambar da aka turo kuɗin nan da ita, ta aika wa NAPTIP, hukumar da Najeriya ta kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane. Ta ce tun 2006 ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka sa hannu a Abuja cewa za su taimaki juna a irin wannan, don haka ba roƙo muke yi ba. Ashe yarinyar ma ba a Yola take ba. A wani gida a Kano aka same ta, tana wanki da raino daga asuba har dare, ba a taɓa ba ta ko sisi ba.

Akwai abin da ya ɓata mini rai, kuma dole in faɗa. Mutum biyu ne kacal ke aikin. Ranar da suke kotu ƙofa a rufe take, ba sanarwa. Sau uku ina biyan kuɗin babur a banza. Wasu takardun an miƙo mini in sa hannu ba a karanta mini ba, sai da na ce wa lauyar, wadda a nan muke kira Metir, "Metir, ni fa ban yi boko ba." Ta ba ni haƙuri ta karanta, amma wadda ba ta da baki fa?

Duk da haka ina tura mutane wurinsu. In za ki je, tafi da takardar haihuwar yaron, kada ki goge ko saƙo ɗaya daga wayarki.

Yarinyar tana gida, ta fara koyon ɗinki, har yanzu ba ta son a rufe mata ƙofa. Dillaliyar kuwa ba a kama ta ba. Lauyar ta ce ƙarar tana nan a buɗe, ranar Litinin za mu koma yarinyar ta ƙarasa bayaninta.