Farar riga ko walimar aji?

Ɗaliban ajin ƙarshe a Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun Kano kan rabu biyu kan yadda za a yi bankwana: ranar sa hannu a farar riga, inda 'yan aji ke rubuta wa juna sunaye a jikinta, ko walima.

Farar riga ba ta cin kuɗi. A sayo a Kantin Kwari da dozin, a kai wa mai buga tambari mako 2 kafin takardar ƙarshe, don a makon jarrabawa layi ya yi yawa. A zaɓi auduga zalla; mai santsi ba ta riƙe tawada. Maka (alƙalamin rubutun) kuma ta zama wadda ba ta gogewa, domin ta farin allo da an yi gumi sai sunaye su narke. Matsalarta hayaniya: jerin gwanon motoci da cakuɗuwar maza da mata, abin da ke jawo fushin hukumar makaranta. Shi ya sa ɗalibai mata da yawa suke sa hannu a farin mayafi, tsakaninsu kawai.

Walima ta fi mutunci, malamai da iyaye suna zuwa, amma aiki ce. Karo-karo, hayar zaure, janareta, abinci a roba. Inda take lalacewa ɗaya ne: a ƙirga abinci da sunayen da aka rubuta maimakon waɗanda suka biya. A rufe karɓar kuɗi kwana 7 kafin ranar, a ƙara roba 10 kan kowace 100 saboda 'yan rakiya, a fara bayan La'asar a tashi kafin Magariba.

Ajin da ya haura mutum 200, walima wahala ce, gara rigar.